Injin Mutari da ƙyashin da na yi masa

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Yau da safe ina buɗe shago, ko shara ban gama ba, salula ta yi ƙara. Ƙanin Mutari ne daga Belbeji. Ya ce, "Yaya Lawali, sai haƙuri. Mutari lokaci ya yi."

Na ce, "Wane Mutarin?" Kamar ina da su biyu.

Kwana uku ya yi da zazzaɓi. An ɗauko shi za a kai shi likita Damagaram, a hanya rai ya yi halinsa. An yi jana'iza kafin ma in samu motar da za ta kai ni.

Tun ɗazu nake ganin hotonsa yana yawo a nan, kowa yana faɗin alherinsa, kuma duk gaskiya kuke faɗa. Ni abin da zan rubuta daban ne. Ku yi haƙuri da tsawonsa.

Ga waɗanda ba su san mu ba: ni da Mutari benci ɗaya muka zauna a lakwal, wato makarantar boko, nan Tanut. Muna gama firamare babansa ya maida shi gona a Gangara. Ni na wuce Damagaram, daga nan Yamai, na dawo da takardar ilimin kwamfuta, na sa mata gilashi na rataye a shago. Shi kuma daga gona ya koma gyaran rediyo da salula a wata rumfa a kasuwar Belbeji.

Injiniya yake ce mini. Har ga Allah yake faɗa, ba da zolaya ba. Shi ya sa ma abin ya fi ci mini rai daga baya.

In ya shigo Tanut ba ya zuwa hannu rabbana. Cuku yake kawo wa iyalina, irin na Buzayen da ke cin kasuwarsu. Lokacin da na buɗe shago ba kowa ke shigowa ba, shi ya riƙa turo mini mutane tun daga can. Yakan ce musu, "Ku je wajen Lawali, shi ya karanta abin. Ni lalube nake." Ranar da mahaifina ya rasu, Mutari ne ya shiga kabari ya karɓe shi tare da ni.

Wannan mutumin na yi wa ƙyashi. Ba na kwana ɗaya ba, na shekaru.

Abin ya samo asali ne daga wani ƙaramin gidan rediyon karkara da ke yankinmu. Ba zan kama suna ba. Suna da kwamfuta guda da aka ba su kyauta, irin mai tsadar nan ta wani kamfani da ke ƙera injinsa da sistem ɗinsa shi kaɗai. Sistem shi ne tsarin da ke tada kwamfuta ya tafi da komai a cikinta. Na wannan kamfanin ba ya yarda ya zauna a kan injin kowa sai nasu. A kanta suke haɗa shirye-shirye, a cikinta muryoyin tsofaffin da aka yi shekaru ana ɗauka suke, da dukan aikin da suka saba da shi.

Zafin bazara ya kashe ta.

Direktan rediyon ya aiko aka kira ni, tun da ni ne mai takarda. Na buɗe, na duba, na ce ta ƙone. Na ce ko dai su nemo irinta daga waje, ko su haƙura da shirye-shiryen da ke ciki su koma wani sistem daga farko. Ya ce, "Ba a iya ɗora shi kan wani injin?" Na yi dariya. Na ce, "Ranka ya daɗe, wanda ya ƙera abin ma bai yarda ba."

Mutari yana wurin. Rakiya ya yi mini. Sai da muka fito, sannan ya ce, "Injiniya, shi sistem ɗin yaya yake gane cewa ba injin gidansu ba ne?"

Na ce tambaya yake yi in an kunna.

Ya ce, "To in aka samu mai ba shi amsar da yake so fa?"

Na ce ya bar wannan magana, ba gyaran rediyo ba ne.

Bai bari ba. Ya bi ya tattaro kayan matattun kwamfutoci, wani wanda aka zubar daga wani buro, wato ofis, wani daga hannun masu gwangwan a Damagaram. Da bai samu gidan da zai ɗauke su ba, kafinta maƙwabcinsa ya buga masa akwatin katako. Ya huda gefe ya ɗaura fankar tsohuwar mota saboda zafi. In ka gan shi sai ka rantse akwatin kaji ne.

Faransancinsa na firamare ne, Ingilishi kuwa babu. Amma ya gano akwai mutane a intanet da suke irin wannan aikin. Rezo, wato sabis ɗin waya, ba ya kamawa sosai a rumfarsa, sai ya hau tudu bayan kasuwa da salula, ya kwafo bayanin, ya sa ta fassara masa, ya rubuta a littafi da biro. Abin da ya gane shi ne, ana sa wani ɗan shiri a kile, abin nan da muke ɗura fayil a ciki, shi zai fara tashi ya gaya wa sistem cewa yana gidansu.

Sau biyu yana ɗauko akwatin a bayan moto, babur ɗin nan nasa, har Tanut don in karanta masa abin da injin ke rubutawa. Farin rubutu ne yake gudu a kan baƙin allo, sai ya tsaya cak a layi ɗaya. In karanta, in fassara masa, in ƙara da cewa, "Ka ga? Na faɗa maka." Shi kuma ya ce, "Madalla, jiya bai kai nan ba."

Ran nan da hantsi ya kira ni. "Injiniya, ya tashi! Wallahi ya tashi!"

Na ce masa barka. Na ajiye salula. Abincin rana ban iya ci ba.

Da na ji cewa ya tashi amma babu sauti, sai da na ji sanyi a raina. Kwamfutar gidan rediyo ba murya! Na riƙa ba mutane labari a majalisar shayi ana dariya. Ashe shi yana can yana gwada lambobi. Akwai wata lamba da ake sa wa ɓangaren sauti, kuma ba wanda ya san wadda za ta dace da kayan da ya haɗa. Sai ya sa ɗaya, ya kashe, ya kunna, ya kasa kunne. Shiru. Ya sa biyu. Haka ya yi ta yi tsakanin masu kawo gyaran salula, kwana da kwanaki, har ranar da lasifika ta yi magana.

Aka kai akwatin gidan rediyo, ya ciro ma'ajiyar tsohuwar kwamfutar ya haɗa a ciki. Muryoyin tsofaffi suka dawo, ba wadda ta ɓata. Direkta ya sa Mutari a iska ya yi masa godiya. Kun san abin da ya ce? Ya ce, "Ni haɗawa na yi. Injiniya Lawali ne ya karanto mini inda ya ƙi."

Da ya yi shiru da sunana da ya fi mini sauƙi.

Daga nan mutane suka fara shigowa shagona suna tambaya, "Ina abokin nan naka mai akwati?" Wani malamin lakwal ya kawo mini kwamfutarsa, ina cikin dubawa ya ce, "In ta gagara sai a aika wa Mutari." A gaban takardata ya faɗa.

Yanzu ga abin da ban taɓa gaya wa kowa ba.

Irin wannan haɗin yana da rauni guda. In sistem ya ce a sabunta shi, abin da muke ce wa mizajur, aka yarda, to ɗan shirin da ke kile ba zai ƙara iya ruɗinsa ba, injin ya tsaya. Mutari ya sani. Ya rubuta a takarda da manyan baƙaƙe, KADA A DANNA, ya manna a gefen allo. Ni ma na sani.

Mai aiki da injin wata baiwar Allah ce, Malama Zainabu. Ita ke haɗa shirye-shirye, ita ke karanta sanarwar cigiya. Wata rana na biya ta wurin kai musu takardun da na buga, sai ta ce, "Malam Lawali, abin nan kullum sai ya fito yana cewa a sabunta. Kai da ka karanta, me ka gani?"

Da na ce ta bi takardar Mutari, da shi ke nan.

Sai na ji bakina yana cewa, "Wannan tsoron waɗanda ba su yi karatun abin ba ne. In ba a sabunta ba, cuta ce za ta shiga ta cinye muku komai."

Ta ce, "To in danna?"

Na ce, "Ni dai da nawa ne da na danna."

Na hau moto na tafi.

Kwana huɗu rediyon ba shiri. Farkon damina ne, lokacin da makiyaya ke hawa arewa, dabbobi na ɓacewa, kowa na jiran sanarwa. An ce mini wani dattijo ya taso tun daga Tenhya don a yi masa cigiyar raƙumansa biyu, ya yini a ƙofa ya koma haka nan. Ban san ko ya gan su ba. Har yau ina tunaninsa.

Direkta ya yi wa Malama Zainabu faɗa a gaban ma'aikata, ya dakatar da ita, ya ba wani shirinta. Ba ta kama sunana ba. Da aka tambaye ta, cewa ta yi hannunta ne ya kuskure. Tun daga ranar in mun haɗu a hanya takan gaishe ni, "Ina kwana, Malam," ta wuce. Ni kuma in rasa inda zan sa idona.

Mutari ya rufe rumfarsa ranar kasuwa, ranar da ya fi samu, ya zo ya zauna a kan injin har ya tashe shi. Ashe ya ajiye kwafin komai a wani wuri tun farko. Ni ina can ina jiran in ji an ce akwatin kaji ya mutu, sai na ji muryar rediyo ta dawo a shagon mai shayi.

Haɗuwarmu ta ƙarshe wata biyu ke nan. Ya shigo Tanut sayen kayan gyara, ya biyo shago bayan la'asar. Na sa aka kawo shayi. Muna hira sai ya zaro littafin nan nasa, duk ya yi baƙi da hannu, ya ce in yi masa fotokofi. Na yi. Ya karɓi littafin, ya tura mini kwafin.

Na ce, "Na mene ne?"

Ya ce, "Naka ne. Belbeji da nisa. In injin ya sake tsayawa kai ne kusa."

Na ce ai rubutunsa ba ya karantuwa. Ya yi dariya. Sai ya kurɓi shayi, yana kallon titi, ya ce, "Ka san wani abu, Injiniya? Zainabu ba ta taɓa danna abin da ba a ce ta danna ba. Duk wanda ya ba ta shawarar nan ya san aiki. Ba kowa ya san nan ne lagon injin ba."

Na jira ya juyo ya dube ni.

Bai juyo ba. Ya ce, "Shi ya sa na ce kai ya kamata ka riƙe."

Ƙofa ce ya buɗe mini, a buɗe har ya tashi. Kalma uku ce kawai, ka yafe mini. Na tsaya ina gyara kofuna. Na raka shi bakin moto, na ce ya gaida gida. Ya ce, "Su ji. Sai na sake shigowa."

Bai sake shigowa ba.

Kuma don kada ku ɗauka na warke, bari in faɗa muku: yau ɗin nan, ina kuka, ina karanta abin da kuke rubutawa a kansa, sai na kama zuciyata tana tambaya ko ni zan samu rabin wannan in na mutu. Mutum yana kabari ina yi masa ƙyashin shaida. Kun ji irin ciwon.

Malama Zainabu, na san kina ganin abin da nake sawa a nan. Ni ne na ce ki danna, kuma na san abin da zai faru. Ba kuskurenki ba ne. Gobe in Allah ya kai mu, kafin in wuce Belbeji gaisuwa, zan tsaya wurin direkta in faɗa masa da bakina, a gaban waɗanda aka yi miki faɗa a gabansu. Ki yafe mini in kin iya. In ba ki iya ba yanzu, ban ga laifinki ba.

Shi kam na makara.

Ya Allah ka jiƙan Mutari. Ka yafe masa kurakuransa, ka yalwata masa makwanci, ka sa duk sanarwar da ta fita ta injin nan ta maida wa wani dabbarsa ta zame masa lada mai gudana. Ka ba matarsa da ƴaƴansa da tsohuwarsa haƙuri, ka tsaya musu.

Duk wanda ya karanta har nan, don Allah ya tsaya ya yi masa Ƙulhuwallahu ƙafa uku, ya kira sunansa a sujada. In kun gama da shi, ku saka ni ni ma. Ku roƙa mini Allah ya cire mini wannan abin daga ƙirji tun ina da rai.