Fitilun Ƙari a Mashigin Wara

Motar da nake haya da ita tsakanin Wara da Yelwa tsohuwa ce mai dogon baya, ni da ƙanena muke tuƙa ta. Idan na yi safe, shi yakan yi yamma. Ni ba na son a taɓa mini komai a mota sai da sanina. Kafin in tayar nakan duba ruwa, in duba baƙin mai, in zagaya tayoyi, sannan in kunna fitilu in fita in gan su da idona. Haka maigidan da ya koya mini tuƙi ya ɗora ni, a kan haka kuma na tsaya.

A wata damina zazzaɓi ya kwantar da ni, motar ta koma hannun ƙanena gaba ɗaya. Da na tashi sai na tarar da wata doguwar fitila a kan rufi, irin mai ƙananan idanu a jere, da wasu biyu zagayayyu a ƙasan bamba. Wani mai gyaran wutar mota ne ya ɗaura masa a tasha. Na tambaye shi daga ina aka jawo musu wuta.

Ya ce, "Yaya, kai dai bari duhu ya yi. Ƙwayar gero kana iya tsinta bisa titi."

Na ce ba abin da na tambaya ke nan ba. Ya yi dariya ya shige gida.

A wurinmu fitilar mota tana da wani aikin ban da na titi. Mashigin da jiragen ruwa masu ƙetare tafki ke sauka, ruwan gabansa cike yake da kututturan itatuwan da tafkin ya cinye tun da aka tare kogi. Da rana matuƙi yana ganin kawunansu ya kauce. Idan duhu ya riski jirgi, sai a kawo mota a tsayar da ita a wani tudu kusa da tsamiya, a fuskantar da ita ruwa, a kunna. Matuƙi ya hangi ido biyu a jere, ya sa hancin jirgi a tsakaninsu, ya miƙe. Wannan layin ne babu kututture. Tocila ba ta yin wannan aiki, don kowa da tasa a bakin gaɓa, ba a san wadda za a bi ba.

Washegarin ranar da na tashi, Inna ta haye ƙetare gaisuwar rasuwa, da nufin ta dawo da la'asar. La'asar ta yi, ta wuce. Hadari ya haɗu a gabas, baƙi ƙirin, rana ta ɓace tun lokacinta bai yi ba. Dab da magariba wayata ta yi ƙara. Matuƙin jirgin ne, wani dattijo maƙwabcinmu, muryarsa na yankewa cikin iska.

"Mun yi lattin tashi. Iska ta tura mu gefe, ban ganin gaɓa. Innarku na tare da mu. Ku kawo mota."

Ƙanena ne ya ja, ina gefensa. Mun tarar da mutane a mashigin, masu jiran nasu. Ya hau tudun, ya daidaita gaban motar, ya kunna ful, wato babban hasken fitilun mota, sannan ya danna maɓallin sababbin fitilunsa. Ruwan ya haske fari fat, har ana ganin kumfa a kan igiyoyin ruwa. Wani ya ce, "Kai, wannan ai rana ce!" Ƙanena ya dube ni ta gefen ido.

Ni hancina ne ya fara ji. Ƙaurin roba. Ban gama buɗe baki ba hasken ya yi rawa, ya ɗauke. Na rufi, na ƙasa, da na motar su kansu, duka a tare.

Ya murɗa makunni gaba da baya. Shiru. Ya ce, "Ta taɓa yin haka hanyar Birnin Yauri, sai ta dawo da kanta."

"Ta taɓa yi?"

"Sau guda dai."

Na ce ya bar injin yana aiki, ya zauna ya danna hon, kada ya ɗaga hannu sai na ce. Ko ba su gan mu ba, su ji inda gaɓa take. Na fita na buɗe bonet. Ruwan sama ya fara zuba, manyan ɗigo, a karkace. Wata mai sayar da kifi ta matso da tocila, ta ɗaga babban farantinta a kan injin don ruwa kada ya cika mini hannu.

Ta ce, "Direba, maigidana na cikin jirgin ga. In kun san ƙawa kuka zo yi, ku faɗa mana mu nemi wata mota."

Babu wata mota a kusa, ita ma ta sani. Na ce ta haska mini nan.

Gyaran wuta ba a yin sa da tsalle. Na fara da batir. Injin na tafiya, hon na kuka da ƙarfinsa, ƙananan fitilun allon da ke bayan sitiyari suna ci, ke nan batir ba shi da laifi. Na wuce akwatin fis. Na zaro na fitilun gaba, na kai shi gaban tocila. Cikinsa ya ƙone tun tuni, an naɗe ƙafafunsa biyu da zaren jan ƙarfe na waya.

Na ɗaga murya sama da hon. "Wa ya yi wannan?"

"Yana ta ƙonewa, Yaya. Mai gyara ya ce a naɗe shi, ba ya ƙara mutuwa."

Fis mai gadi ne. An yi shi don ya mutu, waya ta tsira. Da suka hana shi mutuwa, sai zafin ya nemi wani wurin. Na kai hannu kan rile, ɗan baƙin akwatin nan da ke ɗaukar nauyin wutar fitila idan an murɗa makunni. Na janye yatsuna da sauri. Gefensa ya narke ya lotse.

Rile ɗaya ne irinsa a motar, na hon. Idan na cire shi na sa a gurbin wancan, fitila na iya dawowa, amma hon zai mutu. Idan kuma na sa shi alhali abin da ya ƙona na farko yana nan, shi ma zai ƙone, mu rasa haske mu rasa murya. Don haka ban taɓa shi ba tukuna. Na ɗauki hanyar waya, daga akwatin fis ina bi da yatsa, matar na biye da ni da tocila, farantinta na amo kamar ganga.

Wayata ta sake ƙara a aljihu. Na manna ta a kunne da kafaɗa. Dattijon ya ce, "Mun ga haske ya ɓace. Muna jin hon, amma iska na raba shi, ban san..." Sai layin ya yanke. A bayan muryarsa na ji mata suna salati.

A bayan fitilar hagu na sami tushen ƙunar. An fere wayar ful ta motar, an murɗa mata wata siririyar jar waya, an naɗe da salatif. Daga wannan siririyar aka rataya fitilun ƙarin nan uku. Salatif ɗin ya narke ya zama ƙulli, wayar ta fito tsirara tana taɓa ƙarfen mota, wurin ya yi baƙi. Na ɗauko filaya.

Ƙanena ya leƙo ta taga, hannunsa ɗaya a kan hon. "Yaya, kada ka yanke babbar! Ita ta fi haske, ita za su gani!"

"Ita ta kashe sauran."

"To a haɗa ta ita kaɗai da batir!"

Matar ta ce, "Ai gaskiya ya faɗa, a ba su babbar."

Na ce ido ɗaya mai faɗi ba ya nuna wa matuƙi layi. Biyu yake nema, biyu ya saba da su. Na yanke jar wayar. Ba ni da salatif. Matar ta kwance robar da ta ɗaure bakin kwandonta da ita, ta miƙo mini. Na naɗe wurin da ya tsiraita, na ja na ɗaure, na janye shi daga jikin ƙarfe. Na zaro fis ɗin abin goge gilashi, tun da mota a tsaye take, na sa a gurbin naɗaɗɗen. Naɗaɗɗen na jefar cikin ciyawa.

Sannan na ce, "Ɗaga hannu."

Bai ɗaga ba. Ya ce, "In bai yi ba fa? Ba su da komi ke nan."

"Ɗaga hannu, na ce."

Hon ya yi shiru. Sai a lokacin na ji yadda iskar ke kuka a kan ruwa. Na zaro rilen hon, na share hannuna a cikin riga, na danna shi a gurbin wanda ya narke. Na ce ya murɗa zuwa dim kawai, ƙaramin haske, kada ya kuskura ya kai ful, don ban amince da wayar da ta sha wuta ba.

Ya murɗa. Rilen ya yi ƙas a ƙarƙashin yatsana. Fitilu biyu suka kama, ruwan ɗorawa, masu rauni, ruwan sama na ratsa su. Bayan farin hasken ɗazu sai suka zama kamar aci-balbal. Wani daga cikin mutane ya yi tsaki. Na bar yatsana a kan rilen ina jin ko zai ɗauki zafi. Ɗumi kawai.

Na kira dattijon, wayar ba ta shiga. Na sake kira, haka. Muka tsaya. Can sai muka ji ƙarar inji, tana zuwa tana ɓacewa, daga hagu, wajen da kututturan suka fi yawa. Ƙanena ya fito daga mota ya tsaya cikin ruwan sama. Ƙarar ta matso, ta juya kamar tana neman tsakiya. Sai ta ɗauke ɗif.

Matar ta saki farantin ya faɗi ƙasa. Ƙanena ya juya zai koma mota, na san ful zai murɗa. Na riƙe masa hannu. Ya fizge, na ƙara riƙewa. Ban san tsawon lokacin da muka yi a haka ba.

Wani mai kaifin ido ne ya fara cewa, "Ga gora! Da gora yake tahowa!"

Dattijon ne ya kashe injin da gangan, da ya ga ya shiga layi, don kada farfela ta daki kututture. Hancin jirgin ya shigo cikin hasken sannu a hankali, daidai tsakanin fitilun biyu, shi yana tsaye a baya yana dogara gora. Mutane sun duƙa a ciki, wasu na kwarfe ruwa da kwanoni. Matar ta faɗa ruwa har ƙugu tana kiran maigidanta da masifa.

Inna na tsakiya, an lulluɓe ta da buhu. Ƙanena ya shiga ruwan ya goyo ta, ya hau tudun da ita, na buɗe ƙofar baya muka zaunar da ita. Jikinta na ɓari, hannunta sanyi ƙalau. Ta dube ni, ta dube shi, ta kama bakin rigar kowannenmu ta riƙe.

Ta ce, "Ku kai ni gida, ban yi salla ba."