Bayan Baba Sila da Bai Taɓa Ƙasa Ba

A Zuru, duk wanda ya san Baba Sila ya san abu biyu a kansa. Ya yi golmo, wato noman neman aure, shekara bakwai a gonar surukinsa kafin a ba shi Leah. Kuma a kokawa bayansa bai taɓa ƙasa ba. Na farkon akwai shaidu. Na biyun, shi ne yake faɗa.

Da ya bar aikin soja, 'yarsa Goodness ta kwashe ayyukanta daga kwamfutarta, ta ara masa ya rubuta tarihinsa. Da yatsa ɗaya yake bugawa, a gindin mangwaro. Wata rana gaskiya ta ci ƙarfinsa, ya rubuta yadda wani siririn mutumin Mahuta, Jibo, ya ɗaga shi ya shimfiɗe a wani ƙauye da babu ɗan Zuru ko ɗaya.

Sai Goodness ta aiko tana son kwamfutarta ranar Asabar.

Ya goge shafin, amma hankalinsa bai kwanta ba. Ya yi kwana uku yana buga waƙoƙin coci a wurin, yadda ake cike rami da ƙasa. Sannan ya kai wa Muntaka mai gyara ya duba masa.

"Baba, ma'ajiyar wannan ba irin ta da ba ce," in ji Muntaka. "Ba ta komawa inda ta rubuta jiya, kamar manomi mai sauya gona. Waƙoƙinka suna gefe guda, tsohon rubutun wataƙila yana nan kwance."

"To, miƙo guduma."

"Haba Baba, kayan 'yarka ne fa! Duk abin da ke ciki a kulle yake da mabuɗin sirri. In na sa ta lalata mabuɗin, komai ya zama dusa, babu mai iya karantawa. Amma har tarihin naka zai tafi."

"Ya tafi."

Muntaka ya danna. Kafin Baba ya gyara zama, ya ce an gama.

"An gama me? Ni shekara bakwai na yi kafin a ce mini an gama. Sake."

Sai da aka yi sau bakwai ya yarda.

Ya dawo gida yana fito, ya tarar da Leah tana sheƙar dawa.

"Maigida, ka goge Jibon?"

Fiton ya tsaya. "Wane Jibo?"

"Na Mahuta mana. Ai in kana bugawa, kowace kalma sai ka faɗe ta da ƙarfi. Ni da Larai maƙwabciya mun bi kokawar tun daga farko. Kwana biyu ka yi kana bugawa kafin ka faɗi ƙasa."

Har yau Baba Sila yana ba da labarin bayansa, mutane suna gyaɗa kai. Larai ce kawai takan tashi ta je duba tukunya.