Sawun da Ke Ƙarƙashin Ƙwarya

A gidanmu na Gwandu, in an gama tuwon magariba, kakata Ige kan haɗa guntayen itacen murhu wuri ɗaya, mu jikoki mu kewaye ta. Ba ta damu da tatsuniyar namun daji ba, labarin sata ta fi so. Takan tsaya a tsakiya ta ce mu faɗi ɓarawon. Ni ne mai saurin baki, don haka kullum ni ake yi wa dariya.

Akwai labarin wani manomi da aka fasa wa rumbu aka ɗebi gero. Matarsa ta ga sawu ɗaya a gindin rumbun, ta kife ƙwarya a kai, kamar yadda ake yi don kada kaji su share shi kafin mai bin sawu ya iso. A ƙauyen kuwa akwai wani baƙon masunci da ya sauka kwana uku.

"To, wa yas sata?" in ji Kaka.

"Baƙon!" na ce.

"Maigidana sarkin gaugawa, ka ɗaga ƙwarya? Mutanen ƙauyen ma hakanan sunka yi. Sunka yi mai dukan tsiya, sunka kore shi. Da anka ɗaga, sai ga sawun ɗan mai rumbu, da yatsanai shida."

Yanzu ina koyar da adabi a wata sakandare a Kalgo. Zangon nan muna kan rubuta labarin laifi da bincike. Na ba ɗalibai labarin ƙwaryar, na ce kada marubuci ya nuna mai laifi kafin ya nuna hujja, sannan na ba su aikin gida.

Abin da ban gaya musu ba shi ne, wata biyu da suka wuce, ranar kasuwa, an yi wa wani saurayi ihun ɓarawo, wai ya ɗauke babur. Ni kuwa benci ɗaya muka zauna da shi wajen mai rake, tun kafin a ajiye babur ɗin har aka fara ihu. Na san ba shi ba ne. Na ga an rufe shi da sanduna, na matse littattafaina, bakina ya ƙi buɗuwa.

Wata ɗaliba, Balkisu, shafi ɗaya ta kawo. Labarin kasuwar ne, har da wani malami tsaye da littattafai a hammata. A ƙasa ta ƙara layi biyu: "Malam, yayana ne, yana tsare har yau. Ran Litinin za a shiga kotu, kuma ba mu da shaida."

Na karanta sau uku ban ji komai ba, ko kunya. Sai na sami kaina ina gyara mata waƙafi da jan biro. Shekara da shekaru ina zaton Kaka ɓarawo take koya mana ganewa, ban taɓa tambayarta labarin masu tsayuwa suna kallo ba.

Yau Lahadi. Takardar Balkisu tana kife a kan teburina, ban ɗaga ta ba tukuna.