Jan Ruwan da Baba Ummaru Ya Tsana

Har gobe ban manta da safiyar Talatar da Alhaji ya ba ni wa'adin mako guda ba. Lokacin ina shekara ta biyu ina kula da rumfarsa ta noman latas a Gesse, nan Birnin Kebbi. Ga wanda bai sani ba, noman nan babu ƙasa. Saiwa na cikin bututu, ruwa na zagayawa daga tanki, duk abincin shuka a cikin ruwan muke narka shi. Har da sinadarin ƙarfe, wanda ke mai da ruwan ja-ja kamar shayi.

Ana tsakiyar bazara sai sababbin ganye suka fara zama ruwan ɗorawa, jijiyoyinsu kaɗai ke kore. Alamar ƙarancin ƙarfe ke nan. In haɗa taki da yamma, in auna ƙarfinsa da mita daidai, washegari in tarar ya tsinke. Kai jama'a! Na bi bututu ɗaya-ɗaya neman yoyo, babu. Na canza mita. Na canza taki. A banza.

Alhaji ya tsaya kan latas ɗin ya ce, "Yusuf, masu otal sun dawo mini da kaya sau biyu. Nan da Talata in ba gyara, ka nemi wani wuri." Ga iyali, ga matata da tsohon ciki. Wallahi raina ya ɓaci.

Ranar Alhamis na yi sammako daga masallaci, ban biya gida ba. Ina shiga na ji ruwa na kwarara. Baba Ummaru ne, yayan Alhaji, tsohon manomin shinkafa da aka ɗauko daga Argungu yake gadin wurin. Ya buɗe famfon ƙasan tanki, takina na malala cikin kwata, ya zura tiyon ruwan burtsatse ta sama!

"Baba! Me kake yi haka?"

Ko a jikinsa. Ya ce, "Ɗana, dubi wanga ruwa, duk tsatsa. Ko jaki ba ya sha nai. Kullum ina rage maka shi, in zuba mai kyau."

Na dafe kai. Na ce masa jan nan shi ne abincin, kuma ruwan burtsatsenmu yana kashe tsamin tanki, ɗan ƙarfen da ya rage ma saiwa ta kasa sha. Har da ɗaga murya, Allah Ya yafe mini. Na ce, "Ba na ce kada kowa ya taɓa tankin nan ba?"

Ya rufe famfo a hankali, ya goge hannu a riga. "Ka ce. Wata ukku ina nan, ban da 'kar a taɓa' mi ka taɓa gaya mani? Shekara arba'in ina ba shuka ruwa. Da ka ce abinci na, da na tsare maka shi da sanda."

A ranar muka haɗa sabon taki tare, shi ke motsawa. Kafin Talata sababbin ganye suka fito kore, Alhaji bai sake zancen wa'adi ba.

Shi ya sa nake takura muku da bayani, ku sababbin shiga wannan sana'a. Duk wanda zai kwana kusa da tankinku, ku gaya masa abin da ke ciki da dalilinsa. Ni rowar magana ta minti biyar ta kusa raba ni da aikina.