Bakoji a Bencin Asibiti

A shekarar 1979 na fara sanin Bakoji, ina koyarwa a firamaren Damari, shi kuma yana kiwo a bakin daji. Shekara arba'in da huɗu muna zumunci, ban taɓa jin ya ce wayyo ba, ko ranar da ɓarayin daji suka kore masa shanu sittin da biyu. Haka aka rene su, su makiyaya: namiji ba ya nuna ciwo a gaban jama'a.

Da daminar bara kububuwa ta sare shi a ƙafa da hantsi. Ɗan acaɓa ya kai shi asibiti. A hankali ya shaida wa mai ba da kati cewa maciji ne. Mutumin ko kai bai ɗaga ba, ya miƙa masa lamba, ya ce ya jira layi. Masu ihu da masu sanayya suka yi ta shiga. Bakoji ya zauna, ya rufe ƙafar da bakin rigarsa.

A asibitin mishan da na sani ina yaro, sista kan bi benci kowace safiya, tana duba ido, tana taɓa goshi, kafin a buɗe rajista. Yau an ɗora a bakin ƙofa wanda zai ji an ce maciji, ya yagi lamba.

Da azahar aka kira ni. Na tarar jini na tsattsafowa daga dasashinsa. Na daki teburin, na tambayi mai katin ko kurma ne. Ya ce, "Baba, ai bai nuna yana jin jiki ba." Allurar kashe dafin maciji tana cikin firji, taku ashirin daga bencin; na ƙirga. Bakoji ya rasu kafin la'asar.

A wajen ta'aziyya Patience, matar marigayi Gambo na Saminaka, ta ja ni gefe. Ta ce ranar ta je asibitin da ciwon gwiwa, lambarta tara, ta Bakoji talatin da ɗaya ta koma bayan sun yi musaya. Ya karɓi tata, ya ba ta tasa. Mijinta ne ya ɓoye iyalin Bakoji kwana uku a gidansa, shekarar da aka yi ta ƙona rugage. Bakoji bai ambaci wannan ba. Ya ce mata kawai ta fi shi nisan gida. Ba ta ga ƙafar ba.