Zuciyar Auta

Tun Auta tana jaririya aka yanke mata hukunci a gidanmu cewa ba ta da ƙwari. Ba likita ne ya faɗa ba, Umma ce. Ciwon zuciya ne ya ɗauke Babanmu lokacin Auta tana goye, kuma da yake ita ta kwaso kamanninsa har da tafiyarsa, sai Umma ta ƙudurce a ranta cewa ta kwaso har da zuciyar. Mu yayyenta muka sha aike da wanke-wanke, ita kuwa ko tsalle ta yi sai ka ji an ce, "Zauna, kada ki jawo mana." Karatu kaɗai aka bar mata, ta kuwa rungume shi har ya kawo ta ƙasar da nake aure, ta zo karatun likita.

Ɗakin da muke jibge akwatuna na gyara mata. Gado ɗaya, tebur ɗaya, sai taga mai kallon tashar bas. Nan ta jera littattafai masu nauyin bulo, da wata zuciyar roba da ake buɗewa gida biyu. Shekarar da suka fara shiga asibiti aka ba su abin sauraren ƙirji. Kowane ɗalibi a kan majiyyaci yake gwada nasa, Auta kuwa a kanta ta fara. Duk cutar da aka koya musu da safe, kafin la'asar ta gano ta a jikinta.

"Yaya, yau na ji wata 'yar ƙara bayan bugu na biyu."

"Ni ma na ji ƙara," na ce mata. "Ta kwanukan da kika bari a kicin."

Ina yi mata tsiya, amma tsoron yana raina, don ni ma a gidan Umma na tashi.

Tiyata take so, ba ta da zance sai nata. Ranar da aka fara shigar da ita ɗakin tiyata, an ba ta wani ƙarfe ta riƙe, tsayuwa ta yi tsawo, sai jiri ya kwashe ta. Ta farfaɗo tana gaya wa kowa sunan cutar da take da ita. Shugabar sashen, wata tsohuwa mai ƙaramin jiki da suke kira Farfesa, ta sa aka yi mata duk wani awo da asibitin ke da shi, sannan ta kira ta ofis.

"Zuciyarki lafiyarta ƙalau," in ji ta. "Ƙafafunki ne ba su san wahala ba, kuma kina tsoron jikinki. Wanda ke sauraren ƙirjinsa ba zai ji na majiyyaci ba. In ba ki daina ba, ki nemi wani fannin."

Auta ta dawo ta sha kuka har idonta ya kumbura. Washegari ta sayo takalmin gudu.

Ranar farko daga ƙofar gida zuwa tashar bas ta kai, ta dawo a dafe da bango. Maigidana, wanda direban bas ne, ya ce zai riƙa rage mata hanya kyauta. Ko a jikinta. Ta yi gudu a cikin sanyi, hanci yana yoyo. Ta yi a cikin ruwan sama. Farcen babban yatsanta ya yi baƙi ya fita. Abin da bai fita ba shi ne halin nan: duk inda ta tsaya sai ta kai yatsu biyu wuyanta tana ƙirga bugu. Da ta ce ta sa sunanta a gudun fanfalaki na birnin, kilomita arba'in da 'yan kai, na yi tsalle na dire na ce ba da yawuna ba. Ta ce to kada dai in gaya wa Umma. Wannan kam ko ba ta roƙa ba, ba ni da bakin faɗa.

Ran gudun aka rufe tituna. Na tsaya can wajen ƙarshen hanya, inda wata gada take da hawa, riƙe da rigar sanyinta, da niyyar in ta iso in maido ta gida. Dogaye suka wuce, gajeru suka wuce, har wani tsoho mai farin gemu ya wuce yana murmushi. Can sai ga Auta, ɗankwali ya karkace, leɓe ya bushe, tana jan ƙafa. Daidai tsakiyar hawan ta tsaya cak, ta dafe ƙirji, ta kai yatsun nan biyu wuya.

Ban san lokacin da na kutsa ta ƙarƙashin igiyar da aka tare 'yan kallo da ita ba.

"Ya isa, Auta. Kin yi ƙoƙari. Zo mu tafi."

Leɓenta yana motsi, na san jerin cututtukan nan take bi ɗaya bayan ɗaya. Sai na ga ta sauke yatsun. Ta kamo hannuna ta ɗora a ƙirjinta. Abu yana dukan tafina da ƙarfi, daidai-daidai, kamar ana buga ƙofa.

"Yaya, gajiya ce kawai," ta ce. "Kowa a nan ya gaji. Ita zuciyar aikinta take yi."

Ta sake ni ta ci gaba. Ni da na zo hana gudu, sai ga ni ina bin gefen titi da takalmin fita unguwa, ina kiran sunanta har muryata ta dishe. Ba ita ta zo ta ɗaya ba, ba ta ma zo ta ɗari ba. Amma da ƙafafunta ta tsallake layin ƙarshe, kuma daga gadar nan har ƙarshe hannunta bai sake komawa wuya ba. Na yi farin cikin da ban taɓa yin irinsa ba, har na rungume wata mata da ban sani ba.

Tana zaune a bakin titi, an rataya mata lambar yabo a wuya, ta ce gobe da wannan lambar za ta shiga ofishin Farfesa. Sannan ta ce in kira Umma. Na kira, na yi bayani a gurguje, na janye wayar daga kunnena don na san abin da zai biyo baya. Umma ta fara salati, ta haɗa ni da maigidana ta wanke mu tas. Auta ta karɓi wayar.

"Umma, ki yi shiru kaɗan ki saurara."

Ta manna wayar a ƙirjinta. Muka yi tsit. Aka daɗe. Da ta ɗago, sai muka ji Umma tana jan hanci, tana ƙoƙarin gyara murya.

"Wannan ba ta Babanku ba ce," in ji Umma. "Tawa ce kika gado."