Ranar da Na Yi wa Ɗana Ɗaurin Buhu

Ko zan manta da hanyar gidanmu a Batsari, ba zan manta da ranar da aka bar mani reno ba. Lokacin marka ne, an kwana ana ruwa, gari ya waye da sanyi kamar cikin randa. Uwargida za ta bikin suna a Safana, ɗanmu mai shekara biyar kuwa bai daɗe da tashi daga limoniya ba. Har ta hau babur tana nanatawa: "Malam, don Allah kada sanyi ya taɓa ƙirjin yaron nan." Na ce, "Ke dai tafi. Mai juya buhu ɗari a kasuwa ne yaro ɗaya zai gagara?"

Da ya ce zai fita langa, sai na zazzage akwatinsa. Singileti, riga uku, suwaita, wando uku, jaket ɗin gwanjo har gwiwa, ga hular sanyi, duk na jibga masa. To ni ɗan kasuwar hatsi ne, ɗauri ɗaya hannuna ya sani. Kowane mazagi na ja na yi masa ɗaurin buhu, irin wanda ake zuwa Legas a dawo bai kwance ba. Na kuma ja masa kunne: "Ka cire ko hula, ni da kai ne." Ya fita hannuwa a ware kamar mutum-mutumin gona. Ƙafa ta ƙi lanƙwasuwa, sai abokansa suka mai da shi turken da ake zuwa a taɓa.

Kafin azahar rana ta buɗe kamar da gayya. Ina ƙofar gida ina yi wa abokai lacca kan yadda mata ke zuzuta reno, sai ga shi yana tangaɗi, gumi na bin sawunsa kamar jarka ta fashe.

"Baba, fitsari!"

Na durƙusa kan mazagin farko. Gumi ya jiƙa ƙullin, ya ƙara cijewa. Na sa farce, na sa haƙori. Wani abokina ya ce, "Malam, a kira 'yan dako ne su sauke lodin?"

Kukansa ne ya fito da Inna, mahaifiyata. "Wa ya naɗe mani miji kamar albasa?" Ta sa reza ta datse mazagai ukun, amma aikin gama ya gama, har takalmana sun samu rabonsu. Ta yi masa wanka, ta sa masa riga ɗaya da suwaita mai zif, ta ce, "In ka ji zafi cire, in ka ji sanyi mayar." Sannan ta harare ni: "Jiƙaƙƙen gumin nan in iskar yamma ta buge shi, shi ne sanyin da ake gudu, sarkin dabara."

Allah ya kiyaye, ko tari bai yi ba. Uwargida ta dawo ta tarar da wando uku a igiya, ba mazagi ko ɗaya. Dariyar kawai ta yi mako tana yi.

Tun ranar na gane cewa mai shirya yaro da safe ya tuna da azahar, kuma kada ya ɗaura masa abin da ba zai iya kwancewa da kansa ba. Lacca kan reno kuwa, na yi murabus.